Malam Aminu Kano (1920-1983): Malamin da Aka Zargi Jam'iyyarsa da Ƙin Addini

A cikin manyan mutanen ƙasar Hausa na zamanin neman mulkin kai, kaɗan ne sunansu ya ƙetare iyaka ya zauna a bakin talakawa kamar sunan Malam Aminu Kano. Fatake da direbobi da almajirai da ƴan cin rani na ƙasar Maraɗi, tun daga Gidan Rumji da Gidan Sori da Tsibiri har zuwa Agye da Gazawa, masu bin hanyar Jibiya da Katsina zuwa Kano, su ne suka riƙa dawowa gida da labarinsa. Har zuwa farkon shekarun 1950, galibin gujiyar da ake nomawa a nan ta Kano take bi, inda jirgin ƙasa ya iso tun 1911, kuma hanyar da kaya suka bi ita labari yake bi.

Labarin nan iri biyu ne. Wasu suna cewa malami ne masani wanda ya tashi tsaye domin a daina zaluntar talaka. Wasu kuwa suna cewa shugaban wata jam'iyya ce ta marasa kunya, waɗanda ba su ganin girman sarki, ba su kuma ƙaunar addini. Tarihin rayuwarsa yana nuna inda wannan zargi ya samo asali, da yadda aka yi aiki da shi, da abin da ya zama ƙarshensa.

Asalinsa da karatunsa

An haifi Aminu ranar 9 ga watan Agusta na 1920 a unguwar Sudawa, cikin birnin Kano. Mahaifinsa, Malam Yusufu, malamin shari'a ne, ya yi aikin mufti a kotun alƙalin Kano. Gidansu na Fulani Gyanawa ne, zuriyar da aka san ta da alƙalanci da sanin fiƙihu. Mahaifiyarsa Rakiya ita ma mai karatu ce, kuma a hannunta ya fara riƙe allo. Saboda haka, kafin ya san baƙin boko, ya riga ya saba da Alƙur'ani da Larabci, ya kuma ji yadda ake yanke hukunci a zauren alƙali da yadda masu iko suke sa hannu a cikinsa.

A 1930 aka sa shi makarantar Shahuci. A 1933 ya wuce makarantar Midil ta Kano, sa'an nan a 1937 ya shiga babbar kwalejin Arewa, wadda aka kafa a Katsina, daga baya aka mai da ita Kaduna. Tun yana ɗalibi ya fara shirya wasannin kwaikwayo da Hausa, inda yake fallasa cuta a kasuwa da cin hanci da girman kan masu sarauta. Ya gama a 1942 da takardar malanta.

Bauci, Landan da Maru

Aikinsa na fari koyarwa ne a makarantar Midil ta Bauci. A can ya tarar da mutum biyu waɗanda suka zama manya a tarihin Najeriya. Na ɗaya shi ne Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, mai sanyin hali, wanda yake ganin gyara sai a hankali. Na biyu shi ne Malam Sa'adu Zungur, malamin addini, mawaƙi, mai kaifin harshe, wanda ya zama masa kamar yaya a cikin tunani. A 1943 suka shiga wani zauren muhawara na ƴan boko, inda ake tattauna al'amuran ƙasa. Da muhawara ta kai ga tambayar amfanin mulkin da Turawan Ingila suke yi ta hannun sarakuna, sai hukuma ta rufe zauren.

Wannan tsari yana bukatar bayani ga mai karatu na Nijar. Turawan Faransa sun rage ikon sarakuna, sun ɗora kwamanda a kansu. Turawan Ingila kuwa sun bar wa sarki kotu da kurkuku da ƴan doka da baitulmali, a ƙarƙashin hukumar da ake kira En'e. Sarki shi ke naɗa hakimi da dagaci da alƙali, ta hannunsu kuma ake tara haraji da jangali. Wanda ya yi ƙarar hakimi, a gaban alƙalin da sarki ya naɗa zai tsaya, kuma ba a yarda lauya ya shiga wannan kotu ba.

A 1946 aka tura Aminu ƙarin karatun koyarwa a jami'ar Landan. Ya yi shekara guda a can, ya sadu da ƴan jam'iyyar leburori ta Ingila da ɗalibai na ƙasashen da ake mulka. A daidai lokacin ne Indiya take gab da samun ƴancinta, kuma hanyar Mahatma Gandi ta yaƙi da zalunci ba tare da makami ba ta shiga ransa ƙwarai. Da ya dawo, ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa a 1948. Bayan haka aka tura shi makarantar horon malamai ta Maru, a ƙasar Zamfara, cikin lardin Sakkwato. A watan Nuwamba na 1950 ya ajiye aikin gwamnati, ya koma Kano.

Kafa jam'iyyar NEPU

Ranar 8 ga Agusta 1950, wasu samari takwas suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano. A cikinsu akwai Abba Maikwaru, Bello Ijumu, Magaji Ɗambatta, Mudi Sipikin da Maitama Sule. Da Hausa ana kiranta Jam'iyyar Neman Sawaba, alamarta kuwa tauraro. Aminu ya shige ta bayan ya bar aiki, a 1953 kuma aka zaɓe shi shugabanta. Abokiyar hamayyarta ita ce NPC, Jam'iyyar Mutanen Arewa, mai alamar fartanya, wadda ta zama jam'iyyar siyasa sosai a 1951, kuma Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello da Tafawa Ɓalewa suka shugabance ta. Kirarin NPC shi ne Salama, na NEPU kuwa Sawaba.

Mabiyan NEPU galibinsu teloli ne da maƙera da mahauta da dukawa da ƙananan ƴan kasuwa da malaman zaure da manoma. A zaɓen 1951 sun yi rinjaye a matakin fari a birnin Kano. Amma zaɓen hawa-hawa ne, kuma doka ta ba En'e damar ƙara nata mutane a matakin ƙarshe, don haka babu ɗan NEPU ko ɗaya da ya isa majalisar Kaduna. A 1952 jam'iyyar ta fitar da takardar manufofinta, inda ta bayyana cewa talaucin Arewa ya samo asali ne daga irin mulkin En'e, kuma akwai jayayya ta asali tsakanin masu riƙe da wannan mulki da talakawa.

A aikace, abin da take koya wa mutane mai sauƙi ne. Talaka ya nemi rasit in ya biya haraji. Ya ƙi noman gandun hakimi a kyauta. Ya san iyakar abin da doka ta ɗora masa, kada ya ƙara ko anini. Ya gai da sarki da ladabi, ba tare da ya zube ƙasa ba.

Yadda zargin ya taso

Waɗannan abubuwa sun taɓa aljihu da martabar masu sarauta, amma da wuya a tsaya a kasuwa a kāre aikin tilas. Abin da ya fi sauƙi shi ne a mai da maganar ta addini. Zargin ya tsaya a kan ƙafa huɗu.

Ta ɗaya, an ce sarakunan Arewa magadan tutar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne, biyayya gare su wajibi ce, wanda ya saɓa musu kuwa ya tada fitina. Ta biyu, tun daga 1954 NEPU ta ƙulla ƙawance da jam'iyyar NCNC ta Dokta Nnamdi Azikiwe, wadda ƙarfinta yake a kudu, a wajen Ibo Kirista, sai aka ce ta sayar da Musulmi ga waɗanda ba Musulmi ba. Ta uku, ta buɗe reshen mata, tana neman a ba su ilimi da ƙuri'a, sai aka ce tana son fitar da matan aure daga gidajensu. Ta huɗu, zamanin gaba ce tsakanin Amurka da Rasha, kuma duk mai maganar talaka da mai mulki ana iya laƙa masa sunan ɗan gurguzu, wanda a kunnen jama'a yake nufin wanda bai yarda da Allah ba.

Zargin bai tsaya a baki ba. Taron siyasa sai da izinin En'e, kuma sau da yawa ana hana NEPU. Kotunan alƙalai sun yanke wa mabiyanta bulala da ɗauri bisa laifin zagin sarki ko taro ba izini. A Kano, wajen 1953, aka sami wata ƙungiyar ƴan sanda da gora da ake kira Ƴan Mahaukata, masu tarwatsa taronta da dukan mutanenta. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, shugabar matan jam'iyyar, wadda aka haifa a 1933, an kama ta an ɗaure ta sau da dama, an kuma kore ta daga Kano. A ƙauye, inda kowa ya san kowa, mutumin da aka kira maƙiyin addini yakan ga maƙwabta suna janye jiki daga gare shi, abin da ya fi bulala ciwo.

Gaskiya ta wajabta a faɗi cewa ba duk masu adawa da NEPU ne maƙaryata ba. Akwai malamai na kirki waɗanda suka ji tsoron rushewar tsari da zubar da jini, suka ga haƙuri da azzalumin shugaba ya fi fitina sauƙi. Samarin NEPU su ma sun yi amfani da zafafan kalmomi da waƙoƙin zambo a kan dattawa, abin da ya ba abokan gabansu hujja. A cikin NPC kuma akwai masu son gyara, domin Tafawa Ɓalewa da kansa ya kawo shawara a majalisar Kaduna a watan Agusta na 1950 cewa a sake duba tsarin En'e.

Amsar Malam

Malam Aminu bai amsa zargin da cewa a raba addini da siyasa ba. Ya shiga cikin littattafan da abokan hamayyarsa suke taƙama da su, ya ɗauko hujjarsa daga can. Shehu Usmanu, a cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa ayyukan sarakunan da ya yaƙa, a ciki har da jangali da kuɗin gari da kuɗin salla da gaisuwar da ake kai wa masu iko da ƙwace dukiyar talaka. Malam ya riƙa nuna wa jama'a cewa waɗannan abubuwa sun dawo a hannun jikokin masu jihadi, da goyon bayan Turawa. Bisa ga wannan, mai neman a kawar da su shi ne yake kan tafarkin Shehu da ƙanensa Abdullahi, wanda ya yi rubutu mai yawa a kan adalcin shugaba. Game da mata kuwa, ya tunatar da cewa Shehu ya zargi malaman da suke barin matansu da ƴaƴansu cikin jahilci, kuma ƴarsa Nana Asma'u malama ce mai koyar da mata.

Bai tsaya a magana ba. A farkon shekarun 1950 shi da abokansa suka buɗe makarantar Islamiyya a Sudawa, inda yara maza da mata suke koyon Alƙur'ani da Larabci da lissafi a aji, bisa tsari. Irin waɗannan makarantu sun sha tsangwama da fari saboda an ce na NEPU ne, amma daga baya suka bazu ko'ina a ƙasar Hausa. Shi kansa yakan yi tafsirin Alƙur'ani da Hausa a watan azumi.

Akwai kuma abin da kowa yake gani da idonsa. A lardin Sakkwato, musamman wajen Gusau da Ƙauran Namoda, ƴan Tijjaniyya da yawa, mutanen wazifa da zikiri, sun bi NEPU, domin sarautar Sakkwato ta Ƙadiriyya ce kuma tana matsa musu. A Kano kuwa Sarki Muhammadu Sanusi, babban jigon Tijjaniyya, yana cikin NPC. Wato masu salla suna nan a kowane ɓangare, abin da ya raba su shi ne mulki da haraji.

Mutanen Gobir da Katsinar Maraɗi sun san nauyin irin wannan zargi daga tarihin kakanninsu. Katsinawan da suka rasa birninsu a 1807 su ne suka zo suka kafa sarauta a Maraɗi, Gobirawa kuma, bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 da yaƙin Gawakuke na 1836, suka zauna a Tsibiri. An yaƙe su ne da hujjar cewa sun gauraya Musulunci da al'adun kafirci. Tun a wancan zamani Shehu Laminu na Barno ya yi musayar wasiƙu da Muhammadu Bello, yana jayayya cewa saɓo ba ya fitar da mai salla daga addini. Tambayar wanda yake da ikon kiran ɗan'uwansa maƙiyin addini tsohuwa ce a ƙasar nan.

Misalin Indiya

Abin da ya sami NEPU ba a ƙasar Musulmi kaɗai yake faruwa ba. A Indiya, inda mafi yawan jama'a mabiya addinin Hindu ne, jam'iyyar Kwangires ta Gandi da Nehru ita ta jagoranci neman ƴanci, tana cewa ƙasa ta kowa ce, Hindu da Musulmi da Kirista da sauransu. Da aka raba ƙasar biyu a 1947, aka fitar da Pakistan, aka yi kashe-kashe masu yawa, sai masu tsananin kishin Hindu suka zargi Gandi da fifita Musulmi. Ranar 30 ga Janairu 1948 wani daga cikinsu, Naturam Godse, ya harbe shi yana kan hanyar zuwa wurin addu'a, alhali Gandi mutum ne mai riƙo da addininsa na Hindu har ƙarshen ransa.

A 1955 da 1956 gwamnatin Nehru ta yi dokokin da suka hana Hindu auren mace fiye da ɗaya, suka ba mata damar neman saki da ƙarin haƙƙi a gado. Masu adawa suka ce gwamnati ta sa hannu a addinin Hindu ta ƙyale dokokin Musulmi. Wannan zargi ya daɗe yana bin jam'iyyar a lokutan zaɓe. Addinan sun bambanta, amma hanyar ɗaya ce: jam'iyyar da ta taɓa al'adar da manya suke cin moriyarta, ko ta ƙulla zumunci da mutanen wani addini, sai a ce ta ƙi addinin mafi rinjaye.

NEPU da Sawaba ta Nijar

A wannan gefen iyaka ma an yi jam'iyya mai suna Sawaba, ta Djibo Bakary, wadda ta samo tushe a 1954, ta kuma sami mabiya a Maraɗi da Tasawa da Damagaram a cikin irin mutanen da suka bi NEPU. Djibo Bakary ya shugabanci gwamnatin Nijar ta fari a 1957. A ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958 ya nemi a ce a'a ga tsarin Janar De Gaulle, amma hukumar Faransa da galibin sarakuna suka tsaya a ɗaya ɓangaren, ya faɗi. A watan Oktoba na 1959 aka haramta jam'iyyar. Da yawa daga mabiyanta suka gudu Kano da wasu garuruwan Arewa, inda ƴan NEPU suka ba su masauki, ita kuwa gwamnatin Diori Hamani tana ɗasawa da ta Sardauna.

Sawaba ita ma an kira ta jam'iyyar ƴan gurguzu. Amma hanyoyin biyu sun rabu. Sawaba, da aka rufe mata ƙofar zaɓe, ta ɗauki makami a 1964, aka murƙushe ta da tsanani. Ranar 13 ga Afrilu 1965 aka jefa gurneti a filin idin babbar salla a Yamai da nufin kashe shugaba Diori, abin da ya ƙara wa masu zarginta ƙarfi. NEPU ba a haramta ta ba sai da soja suka rushe dukan jam'iyyu, kuma Malam Aminu, duk da dukan da mutanensa suka sha, bai taɓa kiransu ga ɗaukar bindiga ba.

Akwai wani bambanci kuma. Matan Nijar sun sami cikakken ikon jefa ƙuri'a tun da dokar 1956. Matan Arewacin Najeriya kuwa sai a 1976, wato abin da aka kira NEPU maƙiyiyar addini a kansa ya tabbata bayan shekara ashirin da wani abu, kuma babu wanda ya ce addini ya rushe.

Majalisa da mulkin soja

Malam ya faɗi zaɓe a 1954 a hannun Maitama Sule, wanda ya riga ya koma NPC, ya sake faɗi a 1956 a hannun Ahmadu Ɗantata. A 1959 ya ci kujerar Kano ta Gabas a majalisar tarayya ta Ikko, inda NEPU ta sami kujera 8, NPC kuwa 134. Da NCNC ta shiga gwamnatin haɗin gwiwa da NPC, sai ya sami kansa a ɓangaren gwamnati a Ikko alhali ana ɗaure mutanensa a Arewa, kuma wasu mabiyansa ba su ji daɗin haka ba. A wannan lokaci ya wakilci Najeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya.

A 1963 gwamnatin Sardauna ta binciki kuɗin En'e ta Kano, ta tilasta wa Sarki Sanusi ya yi murabus, aka kai shi Azare. Wannan ya nuna wa jama'a cewa waɗanda suke cewa taɓa sarki taɓa addini ne, su ma suna taɓa shi in siyasa ta bukata. A zaɓen 1964 NEPU ta haɗa kai da jam'iyyar Joseph Tarka ta ƙasar Tibi, Malam kuwa ya rasa kujerarsa.

Ranar 15 ga Janairu 1966 soja suka yi juyin mulki, aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa. A 1967 Janar Yakubu Gowon ya raba ƙasa jiha 12, Kano ta sami jiharta, ya kuma naɗa Malam kwamishinan sadarwa na tarayya, daga 1971 zuwa 1974 kuma na lafiya. A cikin waɗannan shekaru aka karɓe kotuna da kurkuku da ƴan doka daga hannun En'e aka mai da su ga gwamnati, wato babban abin da NEPU ta yi shekaru tana nema.

A majalisar tsara tsarin mulki ta 1977 zuwa 1978 aka yi zazzafar muhawara kan kafa kotun ɗaukaka ƙara ta shari'ar Musulunci a tarayya. Malam yana cikin masu goyon baya. Mutumin da aka daɗe ana cewa jam'iyyarsa ta ƙi addini, sai ga shi wasu suna ganin ya karkata ga addini fiye da kima. A lokacin ne masanin tarihi Dokta Yusufu Bala Usman ya yi gargaɗi cewa manya na kowane ɓangare suna wasa da addini domin kāre abin hannunsu.

Jam'iyyar PRP

A 1978 Malam ya kafa jam'iyyar PRP mai alamar mabuɗi, ya ɗauki Samuel Ikoku, Ibo Kirista, mataimakinsa a takarar shugaban ƙasa. A zaɓen 11 ga Agusta 1979, wanda Alhaji Shehu Shagari ya ci, ya zo na huɗu cikin mutum biyar, da ƙuri'a wajen miliyan 1 da dubu 700. A jihar Kano kuwa ya sami fiye da kashi 70 cikin 100. Birnin malamai da masallatai, inda aka fi yaɗa zargin, shi ne ya ba shi wannan rinjaye. PRP ta ci gwamna a Kano da Abubakar Rimi, a Kaduna da Balarabe Musa, kuma da hawansu suka soke haraji da jangali.

Daɗin bai daɗe ba. A 1980 jam'iyyar ta rabu biyu. Gwamnonin biyu da samari masu zafi, waɗanda ake kira ƴan santsi, suna son haɗa kai da sauran jam'iyyun adawa. Ɓangaren Malam, ƴan taɓo, bai yarda ba. Ƴan santsi suka ce ya yi sanyi ya kusanci gwamnatin Shagari, ƴan taɓo suka ce yaran sun yi wa uba butulci. A watan Yuni na 1981 majalisar Kaduna ta tsige Balarabe Musa. Ranar 10 ga Yuli na wannan shekara, bayan gwamnatin Rimi ta aika wa Sarkin Kano Ado Bayero takardar tuhuma, tarzoma ta tashi, aka ƙone gine-ginen gwamnati, aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara. Rabuwar nan ita ce babban baƙin cikin ƙarshen rayuwarsa, kuma gyaranta ya gagare shi.

Rasuwarsa da abin da ya bari

Yana shirin zaɓen 1983, ya riga ya zaɓi mace, Bola Ogunbo, ta zama mataimakiyarsa, sai ajali ya riske shi ranar 17 ga Afrilu 1983 a gidansa na Gwammaja, yana da shekara 62. Jama'a mai ɗimbin yawa ta yi masa salla, a cikinta har da waɗanda suka yi shekaru suna yaƙarsa. An binne shi a cikin gidan, wanda ake kira Mambayya, daga baya kuma jami'ar Bayero ta mai da shi cibiyar nazarin dimokuraɗiyya. An sa sunansa ga filin jirgin sama na Kano da babban asibitin koyarwa na birnin. An san shi da farar riga maras ado da jar hula, kuma duk da shekarun da ya yi yana kwamishina, bai bar dukiyar a zo a gani ba.

Tarihinsa yana da amfani ga wanda ya fita daga duhun jahilci da kuma ma'aikacin hukuma. Ga na fari, in aka ce masa jam'iyya kaza ko mutum kaza maƙiyin addini ne, ya dace ya tambayi abin da mutumin ya aikata, da wanda zai ci riba in aka yarda da maganar. Karatu shi ke ba shi ikon duba littafi da kansa, kamar yadda Malam ya koya wa teloli da manoma. Ga na biyu, kotu da kurkuku da izinin taro amana ce, ba makamin da ake juya wa abokin hamayya ba. Ga masu neman gyara kuma, Malam ya nuna cewa wanda ya san addinin jama'arsa, yake girmama shi, ya fi samun kunnensu a kan wanda yake yi musu ba'a.

Allah ya jiƙan Malam Aminu Kano, ya gafarta masa kurakuransa, ya ba ƙasashen nan biyu shugabanni masu tausayin talaka.